Motar aro ta kwana 31: yadda gyaran kyauta ya jawo wa wata ma'aikaciya a Ingila lissafin fam 710

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar Zariya ce, tana aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu a wani gari na arewacin Ingila. Ta shiga ƙasar ta ƙofar da gwamnatin Birtaniya ta buɗe a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka saka masu irin wannan aiki cikin waɗanda za a iya ba bizar ma'aikatan lafiya. An sakaya sunanta, an kuma sakaya sunan kamfanin dillancin motocin.

Aikin nata ba ya yiwuwa sai da mota. A yini guda takan leƙa gida takwas zuwa goma, wannan a ba shi magani, waccan a yi mata wanka, kowace ziyara da lokacinta a rubuce. Wanda ya zauna a Birtaniya da lasin Najeriya wata 12 kawai zai yi tuƙi da shi, kuma ba a musanya shi da na can, sai an sake jarrabawa ta rubutu da ta tuƙi. Ta zauna ta ci. Lokacin da wannan abu ya faru, lasinta na Birtaniya bai cika shekara ba.

Motar ta hannu ce, shekararta 5, mai canza giya da kanta. Ta saye ta fam 7,400 a wurin wani babban dila, da garantin kamfanin. Kuɗin kwasar adashe ne da abin da ta tara, ta tura ta banki gaba ɗaya. Ba ta ci bashin mota ba, ba ta kuma da katin bashi, don gudun kuɗin ruwa. Katin da ke hannunta shi ne na asusun da albashinta ke shiga, wanda kuɗin haya ke fita daga cikinsa.

A wata na huɗu giya ta fara fizga, sannan ta soma ƙin shiga idan injin ya ɗauki zafi. Dokar haƙƙin masu sayayya ta 2015, wadda ake kira Consumer Rights Act, ta ba mai saye kwana 30 na farko ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. Wannan wa'adi ya wuce ta. Amma tana cikin wata shida na farko, kuma a wannan tsakani doka na ɗauka cewa da aibin aka sayar da kayan, sai fa idan mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Dilan bai yi gardama ba. A waya aka ce ta kawo motar, gyara kyauta ne, kwana uku, kuma za a ba ta motar aro.

Rana ta 1: abin da ta sa wa hannu

Ta isa da safe da lambar duba lasi da ake cirowa a shafin DVLA, hukumar da ke kula da lasin tuƙi, lambar da ke aiki na kwana 21. Aka duba, aka miƙo mata fom mai shafi biyu. A nan ta fara jin sharuɗɗan da ba a faɗa a waya ba.

Motar kanta ba a biyan hayarta. Inshorarta kuwa ko dai ta kawo takardar da ke nuna kamfaninta ya rufe motar aron, ko ta shiga ƙarƙashin inshorar dilan a kan fam 15 kowace rana. Saboda lasinta sabo ne, idan aka yi ɓarna fam 1,000 na farko daga aljihunta zai fita. Za a riƙe fam 250 a katinta a matsayin ajiya. Tarar hanya tata ce, da ƙarin fam 30 na aikin ofis a kan kowace takardar tara.

Ta yi lissafin kwana uku, fam 45, ta sa hannu. A shafi na biyu akwai zanen mota inda ake yin alama a duk wurin da ke da ƙwarzane ko lotsawa. Zanen fes yake, babu alama ko ɗaya. Ana ruwa, ma'aikacin ya nuna mata motar ta taga ya ba ta makulli, ba wanda ya zagaya ta da ita.

Kafin ta tayar da motar ta ɗauke ta hoto daga gaba, ta gefen hagu, ta tura wa shugabar aikinta ta WhatsApp. Ba don tsoron dilan ta yi haka ba. Ka'idar wurin aikinsu ce a san lambar duk motar da ma'aikaci ke yawo da ita.

Rana ta 2 zuwa ta 4: inshorar da ba ta kai ga aiki ba

Shugabar ta nemi ganin takardar inshora. Da aka karanta, ashe inshorar dilan ta rufe zirga-zirgar gida da zuwa wurin aiki guda ɗaya ne kawai. Yawo daga gidan wannan majinyaci zuwa na wancan amfani ne na sana'a, kuma an cire shi ƙarara.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya yi amfani da mota ta hanyar da inshorarsa ba ta rufe ba, a idon doka ba shi da inshora. Tarar nan take fam 300 ce da maki 6 a kan lasi, kuma 'yan sanda na iya kwashe motar. Ga sabon direba abin ya fi muni: dokar 1995 ta ce duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawarsa ta farko, an soke lasinsa, sai ya koma ya sake jarrabawa. Shugabar ta cire ta daga jadawali, ta rasa aikin yini biyu.

Ta kira kamfanin inshorarta tana zaton za su ba ta wata motar, tunda takardarsu ta yi maganar motar aro. Suka bayyana mata cewa wannan tanadi na gyaran haɗari ne a garejin da suka amince da shi, ba na lalacewar giya ba. Abin da za su iya shi ne su ƙara motar dilan a kan inshorarta na ɗan lokaci, har da amfanin sana'a. Ta biya fam 38, suka turo takarda ta imel, inshorar ta fara aiki a rana ta 4. Ta tura takardar zuwa adireshin imel na sashen gyara na dilan, ta bi da waya, wanda ya ɗauka ya ce ba matsala. Ba a sake fom ba, ba a kuma rubuto mata komai ba.

A ranar ce aka ce motar ba za ta fito ba. Sai an canza wani sashe na na'urar da ke sarrafa giyar, kuma babu shi a ƙasa.

Rana ta 8 zuwa ta 12: ajiya ta zama biyu

Riƙe kuɗi a kati daban yake da cire shi. Kuɗin na nan a asusu, amma banki ya ɗaure shi, mai shi ba zai iya taɓawa ba. A katin bashi abin da ake ɗaurewa wani yanki ne na bashin da banki ya yarda ya bayar, don haka mutum ba ya ji a jikinsa. A katin asusu kuwa kuɗin cefane ne da na haya. Irin wannan ɗauri kuma ba ya daɗewa, yakan warware da kansa bayan wasu kwanaki idan mai kanti bai nemi kuɗin ba.

Ganin gyara zai ja, a rana ta 8 dilan ya cire fam 250 na gaske daga katin, ba tare da ya saki ɗaurin farko ba. Fam 500 ke nan suka fita daga hannunta a lokaci guda. A rana ta 9 kuɗin haya ya tashi fita, abin da ya rage bai kai ba, banki ya mayar da umarnin. Sai da wata abokiyar adashenta ta ranta mata.

Ta kira banki. Suka ce ba za su iya ƙalubalantar cinikin da bai kammala ba, hanya mafi sauri ita ce dilan ya soke ɗaurin ta wajensa. Ta kira dilan, aka ce mai kula da asusu ba ya nan. Ka'idojin biyan kuɗi na 2017 sun ce banki ba zai ɗaure kuɗi ba sai adadin da mai kati ya amince da shi daidai, kuma a sake shi ba tare da jan lokaci ba da zarar an san abin da za a cire. Ita fam 250 ta amince da shi. Amma a lokacin ba ta san da wannan ka'ida ba, kuma ba wanda ya faɗa mata. Ɗaurin ya warware da kansa a rana ta 12.

Mako na biyu: hanyoyin da ba su ɓulle ba

Ta yi ta waya, kowane lokaci da sabon mutum, kowane lokaci sai ta faro labarin daga tushe. Ta je da kanta ta ɗaga murya a gaban teburin karɓar baƙi. Aka ba ta haƙuri da kofin shayi.

Sai ta kai kuka wurin wani dattijo ɗan Kano da ya daɗe a garin, wanda jama'a ke kira Kawu, mai harkar motoci. Ya ce mata, “'Yata, bari in je, ai na san manajan.” Ya je, aka karɓe shi da mutunci, aka yi masa alkawari na baki. A gida irin wannan zuwa na babba yakan kashe magana. A nan bai canza komai a kwamfutar kamfanin ba.

Ta kuma rubuta musu mummunan sharhi a intanet. Amsar da ta biyo baya ita ce ta tuntuɓi sashen kula da abokan ciniki.

A duk wannan fafutuka hujjarta guda ce: doka ta wajabta a ba ta motar aro kyauta tunda laifin ba nata ba ne. Manajan sashen gyara ya amsa cewa babu dokar da ta ce haka, motar aro alfarma ce. A wannan gaɓa gaskiyarsa ce. Babu inda dokar 2015 ta ambaci motar aro.

Rana ta 15 zuwa ta 17: wasiƙar farko

A rana ta 15 aka kira ta aka ce ta dawo da motar cikin kwana biyu, an riga an yi wa wani alkawarinta. Kayan gyaran kuwa har lokacin ba su iso ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

A nan ta kira layin masu sayayya na Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, kuma a nan ne maganar ta canza fuska. Aka nuna mata cewa ta bar jayayya a kan motar aro, ta koma kan tata motar. Sashe na 23 na dokar ya ce idan mai saye ya nemi gyara, wajibi ne mai sayarwa ya yi shi cikin lokacin da ya dace, ba tare da jefa mai saye cikin babbar takura ba, kuma shi zai ɗauki kuɗin da gyaran ke buƙata. Sashe na 24 ya ce idan ya kasa cika wannan, mai saye na iya neman ragin farashi ko ya mayar da kayan gaba ɗaya.

Wasiƙar da ta tura a rana ta 16 ba ta cika shafi ba. Ta rubuta ranar saye da farashi da ranar da aibin ya bayyana. Ta ce gyaran nan tana nemansa ne a ƙarƙashin dokar 2015, ba a ƙarƙashin garanti kaɗai ba, domin takardar aikin garejin garanti kawai ta ambata. Ta ce an yi mata alkawarin kwana uku, ga shi an shiga na 16. Ta ce aikinta ya dogara da mota, karɓe motar aron zai tsayar da albashinta, kuma idan aka yi haka za ta ɗauke shi a matsayin babbar takura ta nemi mayar da motar. Ta aika wa babban manaja da ofishin ƙorafi na kamfanin, ba teburin gyara ba.

Washegari amsa ta zo a rubuce: ta riƙe motar har a gama. Aka kuma ba ta ranar da ake sa ran kayan za su iso.

Abu ɗaya wasiƙar ba ta taɓo ba, wato fam 15 na kullum. A zatonta wannan ya mutu tun rana ta 4.

Rana ta 31: lissafi

Motarta ta fito, giya ta gyaru, ba a caje ta ko sisi a kan gyaran ba. Sai aka kawo lissafin motar aro. Inshorar kwana 31 a kan fam 15, fam 465. Gyaran wilin gaba na hagu da aka ce ta goga da gefen titi, fam 180. Tarar shiga layin bas, fam 35, da fam 30 na aikin ofis. Jimla fam 710. An riga an riƙe 250, saura 460, kuma aka ce makullinta ba zai fito ba sai ta cika.

Gareji na da ikon riƙe mota idan ba a biya kuɗin aikin da ya yi a kanta ba. A nan aikin kyauta ne, bashin na wata motar ce daban. Amma tana da majinyaci da ƙarfe bakwai na safe. Ta biya da katinta, ta rubuta a kan rasit da hannunta cewa ta biya ne bisa tilas kuma ba ta yarda da lissafin ba, ta sa ma'aikacin ya yi mata kwafi. Wannan shawarar ma daga Citizens Advice ta samo ta. Kafin ta miƙa makullin motar aro ta ɗauki bidiyon jikinta duka, da ma'aunin mai da na tafiya.

Rana ta 33 zuwa mako na bakwai: wasiƙa ta biyu

Wannan karon ta bi lissafin layi-layi.

A kan inshora ta haɗa takardar kamfaninta mai nuna ranar farawa, da imel ɗin da ta tura wa sashen gyara a rana ta 4. Fom ɗinsu da kansa ya ce ko wannan ko wancan. Tunda ta kawo nata, kwana 28 da suka biyo baya an caje ta ne a kan abin da ba ta buƙata, wanda ma bai rufe aikinta ba.

A kan wili ta koma ga hoton nan da ta tura wa shugabarta. Da aka buɗe shi sosai, ga gogewar nan a bakin wilin gaba na hagu, motar kuma tana tsaye a harabar dilan, allon sunansu na bayanta. WhatsApp na goge bayanan da ke maƙale da hoto idan an tura shi, amma asalin hoton na cikin wayarta da rana da sa'a, kuma saƙon da ke wayar shugabar ya nuna lokacin da ya shiga. Ta tura duka biyun.

Tarar layin bas ta amsa tata ce. Ta nemi a dawo mata da fam 38 na inshorarta da ladan yini biyu da ta rasa. Ta ba su kwana 14.

Ta kuma faɗi inda za ta nufa idan ba a daidaita ba. Kamfanin na cikin waɗanda suka yi rajista da The Motor Ombudsman, hukumar sasanci da ke sauraron ƙorafin masu motoci kyauta bayan an ba kamfani har mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe. Akwai kuma neman banki ya janyo kuɗin ta tsarin kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard, wanda galibi wa'adinsa kwana 120 ne. Bayan su akwai kotun ƙananan ƙararraki, wadda a Ingila da Wales ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Ƙofofi biyu kuwa a rufe suke gare ta. Kariyar sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ta masu katin bashi ce, a kan cinikin da ya haura fam 100 zuwa 30,000. Da kuma da bashin kamfanin kuɗi ta sayi motar, da wannan kamfani ne ke da alhakin ingancinta, da ta iya kai shi gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraron ƙorafi a kan kamfanonin kuɗi.

Amsar farko ta zo da tayin fam 200 a matsayin kyautatawa, ba tare da amsa laifi ba. Ta ƙi, ta sake tura hoton da imel ɗin, ta nemi su rubuto mata cewa wannan ce amsarsu ta ƙarshe don ta wuce gaba.

Sakamako

A mako na bakwai aka mayar mata da fam 600 a katinta: 420 na inshorar kwana 28, da 180 na wili. Fam 110 ya tsaya a wurinsu, wato 45 na kwana ukun farko, 35 na tara, 30 na ofis. Fam 38 da ladan yini biyu ba su dawo ba. Ta auna wahalar bin su har hukumar sasanci, ta bar su.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Wasiƙar farko ta ci ne domin ta canza abin da kamfanin zai yi asara. Muddin maganar a kan alfarma take, ba abin da za su rasa idan sun ce a'a. Da ta koma kan sashe na 23 da na 24, karɓe motar aron ya zama abin da zai iya dawo musu da motar fam 7,400 mai matsalar giya. Dokar ba ta tilasta musu ba da motar aro ba, amma ta sa motar aron ta zama hanya mafi arha da za su kare kansu. Wasiƙa ta biyu kuwa ba doka ce ta ci da ita ba, takardu ne masu rana da sa'a. Kiran waya da zuwan Kawu ba su bar wata shaida ba, kuma wanda ya ce mata ba matsala a rana ta 4 ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ba duk abin da dilan ya caja ne zalunci ba. Mota dukiya ce, neman ajiya a kanta daidai ne, tara kuma ta wanda ya yi laifi ce. Laifinsu a wurare huɗu yake, kuma ina ganin kowannensu da nauyi. Sun ce kyauta a waya, suka ɓoye sharuɗɗan sai da ta zo ta ajiye motarta ba ta da zaɓi. Sun sayar wa mai aikin yawo gida-gida inshorar da ba ta rufe aikinta ba, ba tare da tambayar me za ta yi da motar ba, abin da zai iya cinye mata lasi. Sun ba da mota ba a zagaya ta ba, sannan suka kafa hujja da zanen da ba wanda ya cika. Sun kuma riƙe makullinta a kan bashin da bai shafi motarta ba.

Ta nata ɓangaren, giɓi biyu ne suka ba da ƙofa: sa hannu a kan zanen da ba ta gwada da motar ba, da rashin neman a rubuto mata cewa an dakatar da fam 15. Hoton da ya cece ta sa'a ce, ba shiri ba. Da ta tsaya ta gefen dama ta ɗauka, da fam 180 ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne batun ajiya. An gina tsarin ne a kan zaton kowa na da katin bashi. Wanda ya ƙaurace masa saboda addininsa, ko baƙon da banki bai san shi ba balle ya ba shi, shi ne ake ɗaure wa kuɗin haya, kuma shi ne ba shi da kariyar sashe na 75. Ma'aikacin da ya cire fam 250 a rana ta 8 zai iya soke ɗaurin farko a zama guda, ko aƙalla ya kira ta kafin ya taɓa katin. Bai yi ko ɗaya ba, kuma amsar kamfanin ta ƙarshe ba ta ce uffan a kai ba.

Akwai ribar da wasiƙar farko ta bar mata wadda ba ta cikin lissafin kuɗi. Tunda ta rubuta cewa gyaran a ƙarƙashin dokar 2015 ta neme shi, dilan ya cinye damar gyara guda ɗaya da sashe na 24 ya ba shi. Idan giyar ta sake, ba dole ne ta yarda da gyara na biyu ba. Tana iya neman ragi ko ta mayar da motar, sai dai a harkar mota doka ta yarda a zabtare wani abu daga kuɗin saboda amfanin da ta yi da ita.